Karatun da Ake Kamowa Daga Wutsiyar Kalma

A makarantun sakandaren Ingila da ke koyar da Latin, akwai ranar da ake ajiye wa ɗan shekara 16 labarin da bai taɓa gani ba, cikin harshen da aka daina goyon yara da shi tun ƙarnoni masu yawa, a ce ya fassara. Ba ƙamus a gabansa, ba malamin da zai ɗaga wa hannu. Yaron da ya fita kunya a wannan jarrabawa ya cancanci jinjina, domin hadda kaɗai ba ta kai mutum gaci a nan.

Asirin harshen yana wutsiyar kalma. Mu a Hausa jerin kalmomi ne ke nuna wanda ya yi aiki: "yaro yana ganin kare" daban, "kare yana ganin yaro" daban. Mai magana da Latin kuwa zai iya cewa canis puerum videt, ko puerum canis videt, ko ya jefo videt a farko, duk dai karen ne ke ganin yaron. In yana so ya juya maganar, sai puerum ya koma puer, canis ya koma canem. Duk wanda ya durƙusa gaban malam a zaure ya karanci Ajurumiyya zai gane wannan nan take: i'irabi ne. Sai dai inda sunan Larabci ke zama marfu'i ko mansubi ko majruri, na Latin halaye shida gare shi, sunayen kuma sun kasu gida biyar, kowane gida da irin wutsiyoyinsa. Fi'ili ma haka yake da kaya a ka. Kalma guda, amavissent, ta ƙunshi cewa masu aikin suna da yawa, ba mu ba ne, ba ku ba ne, lokacin ya shige, kuma sau da yawa abin bai ma auku ba: "da sun ƙaunata".

A duba yadda gwani ke yi. Ba ya faɗa wa kalmar farko ya hau fassara. Yakan bi jimlar da bakin fensir har ƙarshe, domin can fi'ili ya fi son zama. In ya same shi sai ya duba: da -t ya ƙare ko da -nt? Na farko mutum ɗaya ne, na biyu jama'a. Sannan ya dawo baya neman mai aikin. A hanya ya ci karo da puellae, wadda za ta iya nufin "'yan mata", ko "na yarinya", ko "ga yarinya". Mai garaje zai cafki ɗaya ya wuce, ya gina sauran fassarar a kan karkataccen tubali. Gwani kuwa riƙe ukun yake yi a ransa, har jimlar da kanta ta yanke hukunci. In fi'ilin na mutum ɗaya ne, "'yan mata" ta faɗi, saura biyu. Wannan ne abin da ya fi burge ni: yaro a shekarun da jini ke tafasa ya koyi jinkirta hukunci sai hujja ta cika.

Ba da jadawalin nahawu ake fara jan yaran ba. Littafin Cambridge Latin Course, wanda ya fara fitowa a 1970, ya shigar da su gidan wani attajirin birnin Pompeii mai suna Caecilius. Mutumin ya rayu da gaske. A 1875 masu tonon tarihi suka gano allunan kakin zuma fiye da 150 a gidansa, yawancinsu rasit ne na gwanjo. Ɗalibi na koyon wutsiyoyi yana zagaya kasuwa da gidan wanka da dandalin 'yan takobi, yana kuma ganin bayin da daular Rum ta hau bayansu. A ƙarshen littafin farko dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, kamar yadda ya yi a shekara ta 79 miladiyya, ya binne garin. Akwai kuma darasi na daban kan wayewar Girka da Rum, inda ake karanta Homer da Virgil a fassara. Yana da amfani ƙwarai, amma mai harshen ya fi shi shiga ciki.

Ga dalili. Bayan 'yan shekaru ana iya miƙa masa wasiƙu biyu da Pliny Ƙarami ya aika wa masanin tarihi Tacitus. Pliny yana da shekara 17 lokacin da ya hango hayaƙin Vesuvius daga Misenum, a ƙetaren ruwa. Kawunsa, kwamandan jiragen yaƙi, ya tafi ceton mutane, ya mutu a gaɓar Stabiae. Bayanin da Pliny Ƙarami ya rubuta ya yi daidai har masana duwatsu suka raɗa wa irin wannan aman wuta sunansa. Sai ga ɗan sakandare yana sauraron abin da tsaransa ya gani, ba tafinta a tsakani.

Kada a ɗauka kayan Turawa ne zalla. Augustine, ɗaya daga manyan marubutan Latin, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim ta Gana, da Latin ya rubuta kundin digirinsa a Wittenberg a 1734. Jami'ar Ibadan ma tana da sashen wannan fanni.

Abin takaici, a Ingila darasin ya fi yawa a makarantun kuɗi. A 2022 gwamnati ta fara wani shiri na kai shi makarantun gwamnati, a farkon 2025 kuma aka janye kuɗin ana tsakiyar shekarar karatu, alhali wasu yaran sun riga sun yi nisa da shirin jarrabawa.