Dickens ma kashi-kashi ya sayar da labarinsa

A Filinge, tsakiyar ƙasar Kurfai, wanda ya san Oliver Twist ko Jane Eyre galibi ta Faransanci ya san su, a tsofaffin littattafan lakwal, kusa da Victor Hugo da Zola. Idan irin waɗannan masu karatu suka haɗu a fada ana shan shayi, gardamar takan tsaya kan wa ya fi wani: Dickens mai tausayin marayu, ko Hugo da Jean Valjean ɗinsa. A gefe kuma ƙannensu mata na duƙufe kan salula, suna jiran shafi na gaba na wani labarin soyayya da wata marubuciyar Kano ko Maraɗi ke saki kullum da dare. Yayyen suna kallon wannan a matsayin ɓata lokaci. Mai wannan rubutu yana ganin sun yi gaggawar yanke hukunci, domin ƙannen sun fi su kusa da yadda aka fara karanta littattafan zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901.

Dickens bai fitar da Pickwick Papers dunƙule ba. Wata-wata yake fitowa tun 1836, kowane kashi sule ɗaya. Oliver Twist a mujalla ya fara bayyana a 1837, Great Expectations kuwa mako-mako, daga 1860 zuwa 1861. Ko George Eliot, wadda ake ɗauka ta fi kowa nauyin tunani, kashi takwas ta raba Middlemarch. Kuma kasuwa na juya alƙalami. Da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya a 1843, Dickens ya kwashi jarumin ya tura shi Amurka don ya farfaɗo da masu saye. Ƙarshen Great Expectations ma sai da ya sake shi bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton, ya bar ƙofar haɗuwar Pip da Estella a buɗe. Marubuciyar yau da masu karatu suka tasa a gaba har ta fasa kashe amarya ba ta ƙirƙiro wani sabon laifi ba.

Har tace rubutu akwai. Lokacin da jaridar Graphic ke buga Tess na Thomas Hardy a 1891, akwai wurin da ruwa ya tare hanya ran Lahadi, saurayi Angel Clare ya ɗauki ’yan mata huɗu ɗaya bayan ɗaya a hannunsa ya tsallakar da su. Edita ya ce ba a jaridarsa ba. Dole Hardy ya kawo baro, Angel ya tura su a ciki. Marubutan Kano da suka sha fama da hukumar tace fina-finai da ɗab’i za su gane wannan baro da kyau.

Batutuwan ma dangin juna ne: gado, maraici, auren kuɗi, macen da ba ta da ta cewa. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zai sami abin kwatantawa da Jane Eyre fiye da wanda bai taɓa buɗe littafin Hausa ba. Wannan ba ya nufin duk abin da ke yawo a salula zinariya ne. Da yawa an ja su ne kawai don kuɗin rajista ya ci gaba da shiga, ga kurakurai ba mai gyarawa. Amma a Landan ma an buga tarin irinsu a kan kobo ɗaya, an manta da su.

Abin da ya kamata ya dami fadar Filinge shi ne ƙarancin labarin gida. Abdoulaye Mamani ya ɗauki Sarauniya Mangu ta Lugu, can ƙasar Arewa makwabciya, da yaƙinta da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya fitar da Sarraounia a 1980. Kurfai na da nata: Babule, da suka taso wajajen Shikal tun daga 1925, suna hawan iskoki masu kama da sojan Nasara, suna ƙin biyayya ga Mayaƙi Gado Namalaya da Faransawa suka ɗora. Masana tarihi sun yi rubutu a kansu, Jean Rouch ya ɗauki masu bautar waɗannan iskoki, da ake kira Hauka, a fim a Akara. Labari ne da zai ɗauki kashi hamsin a salula, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna nan suna cin kasuwar Lahadi tare.