Batir Ɗaya Bayan Ɗaya

Idan aka miƙa wa gwanin lantarki da'ira mai batir biyu, kowanne yana tura wuta ta nasa ɓangaren, fensir yake fara ɗauka. Yakan sa batir ɗaya ya yi shiru, ya ji abin da ɗayan yake yi shi kaɗai, sannan ya juya. Wannan dabara ita ce ƙa'idar tarawa, wadda Hermann von Helmholtz na Jamus ya bayyana a 1853, yana nazarin yadda lantarki ke bi cikin naman dabba.

Ga batir mai bolt 12 da wani mai bolt 6. Kowanne ya bi ta rizisto mai om 2, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, suka haɗu a mahaɗa ɗaya, daga nan wani rizisto mai om 2 ya sauka ya koma gindinsu. Gwani zai share ƙaramin batirin, amma ba ya barin gurbinsa a buɗe. Waya yake zanawa a wurin, domin hanyar tana nan ko da turin ya tafi. Sai ya lissafa da dokar Ohm: babban batir ya fitar da amfiya 4, ta rabu biyu, 2 ta bi rizisto na ƙasa. Ya mayar da ƙarami, ya share babba: ƙarami ya fitar da amfiya 2, 1 ta bi rizisto na ƙasa. Jimla 3.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan kibiyoyin da yake zanawa kan kowace waya. A reshen ƙaramin batir, babba ya turo amfiya 2 ciki, ƙarami ya tura 2 waje. Suka cinye juna, ashe batirin nan ba ya ba da komai! Mai gaggawar da ke tara lambobi ba tare da duba alkibla ba zai rubuta 4 ya wuce abinsa.

Sai dai gwani ya san inda dabarar ta tsaya. Ba a tara zafin da rizisto ke fitarwa da ita, saboda ana ninka gudun wutar da kansa kafin a ninka da om. Amfiya 2 ta ba da wat 8, amfiya 1 ta ba da wat 2, amma amfiya 3 wat 18 take bayarwa, ba 10 ba.

Haka kuma tana aiki ne kawai inda ninka turi ke ninka gudu daidai wa daida. Dayod ba ya bin wannan, don hanya ɗaya yake buɗewa, kuma na silikon sai turi ya kai kusan bolt 0.7. Zaren kwan fitila ma yana ƙara taurin kai idan ya yi zafi. A tiranzista, injiniya kan fara tsayar da ita a matsayi guda, sannan ya yi tarawar da ƙananan motsin da ke kewaye da wannan matsayin kaɗai.