Kariyar Sashe na 308 a Ma'aunin Hukuncin Shaida

Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kariya muddin suna kan mulki: ba a gurfanar da su, ba a tsare su, kuma kotu ba ta aika musu sammacin tilasta halarta. Masu goyon bayansa suna kafa hujja da maslaha, wato kada ƙararraki su shagaltar da shugaba ga barin al'amuran jama'a.

Wannan hujja tana da gurbi a fiƙihu, domin kariyar jinkiri ce kawai, haƙƙi bai faɗi ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Gani Fawehinmi ta 2002 cewa ana iya bincikar gwamna yana kan kujera. Mutanen Birnin Kudu sun ga misali a gida: Alhaji Sule Lamido ya sauka daga mulkin Jigawa a Mayun 2015, hukumar EFCC ta gurfanar da shi a Kano a Yulin shekarar, shi kuma ya musanta tuhumar.

Inda sashen ya yi rauni shi ne gwama wanda ake ƙara da mai ba da shaida a hukunci ɗaya. Aya ta 282 da ta 283 a Suratul Baƙara sun hana shaidu ƙin amsa kira, sun kuma ɗora zunubi a kan mai ɓoye shaida, ba su togace sarki ba. Malikiyya sun ce bayar da ita farilla ce a kan mutum idan haƙƙi zai salwanta ba tare da ita ba. Manomin Gwaram da ya yi biris da sammacin alƙali, hukuncin raina kotu ya hau kansa. Gwamnan da ya san gaskiyar wannan rigimar gona kuwa, doka ta yarje masa ya yi shiru har shekara takwas, alhali a tsawon haka masu ƙara kan mutu, iyakoki kan shafe. Ina daidaiton da Sayyidina Umar ya umarci Abu Musa al-Ash'ari da shi a majalisar alƙalanci?

Mafita tana cikin littattafanmu. Malamai sun halatta naƙalin shaidar mai uzuri ta bakin adalai biyu. Idan martabar kujera uzuri ce, sai a ɗauke wa gwamna tsayuwa a zauren kotu, amma a wajabta masa isar da abin da ya sani. Maslahar da ta ci karo da nassi ba a yin aiki da ita. Allah ne mafi sani.