Sarauniyar sinimar Turai da sarauniyar da Daura ta sani

Akwai wani nau'in fim da Turawa suka daɗe suna cin kasuwa da shi. A ɗauko tsohon littafi, a tsince wuraren da ke tayar da sha'awa ko tsoro, a watsar da saura, sannan a manna hoton kyakkyawar mace a ƙofar sinima. Afirka ta sha zama dandalin irin wannan ciniki, kuma labarin da aka fi juyawa shi ne na sarauniya mai mulkin wani ɓoyayyen birni.

Littattafai biyu ne tushensa. A 1887 H. Rider Haggard na Ingila ya fitar da She, labarin Ayesha, farar mace da ta shekara fiye da 2,000 tana mulkin wata al'umma a Afirka, tana jiran dawowar masoyinta. A 1919 Pierre Benoit na Faransa ya rubuta L'Atlantide, ya ajiye tasa sarauniyar, Antinéa, a duwatsun Hoggar na ƙasar Buzaye. Aikinta janyo hafsoshin Turawa. In ta gama da mutum, sai a jera gawarsa a wani zaure tare da na waɗanda suka riga shi. Kamannin labaran biyu ya yi yawa har aka zargi Benoit da satar fasaha. An mayar da littafinsa fim a 1921, aka sake a 1932 da Brigitte Helm, aka kuma a 1961 da Haya Harareet. Kamfanin Hammer kuwa ya yi She a 1965 da Ursula Andress.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi da matan. Andress 'yar Suwizalan ce, kuma muryar da ake ji a fim ɗin ba tata ba ce, wata mai suna Nikki van der Zyl ce ta yi maganar a madadinta. Jikinta ake so, an samu. Bayan fim ɗin Emmanuelle na 1974 ya kawo kuɗi, 'yan kasuwar Italiya suka cire harafi ɗaya daga sunan, suka tafi Kenya a 1975 suka ɗauki Black Emanuelle. Laura Gemser da suka tallata a matsayin baƙar mace haifaffiyar Surabaya ce ta Indunusiya. Afirka a wurinsu labule ce da ake ratayawa a bayan jaruma. Daga baya Gemser ta koma ɗinka wa 'yan wasa sutura, sannan ta bar harkar, ta daina bayyana a idon jama'a.

Mutumin Daura da ya kalli waɗannan finafinai zai ga baƙon abu, domin mulkin mata a wurinsa ba almarar ɓoyayyen birni ba ne. Tarihin baka ya jero Magajiyoyi tun daga Kufuru, su Gino da Yakumo da Innagari, har zuwa Daurama wadda ake cewa ita ta taso da fada daga Tsohon Birni. Rijiyar Kusugu tana nan, ana zuwa ana shan ruwanta. A labarin rijiyar damuwar sarauniya ruwan sha ne: maciji ya hana talakawa ɗiba sai ranar Juma'a.

Ba na cewa mu ba mu da irin wancan zancen. Ana faɗin cewa Amina ta Zazzau takan ɗauki masoyi a kowane gari ta ci da yaƙi, ta kashe shi da safe. Amma ganuwar da ake jingina mata ita ta fi zama a bakin mutane, kuma marubuci shi ke zaɓen wanda zai ɗora fim a kai.

Mai shirya fim Med Hondo ya nuna zaɓin da ya dace. A 1986 ya yi fim da littafin Abdoulaye Mamani na Nijar kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Aï Keïta ta hau matsayin, kuma fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Kyamara ba ta bin jikinta. Tana bin ta a fagen daga da wurin yanke shawara.

Duk wanda zai ɗauki Daurama a Kannywood zai fuskanci jarabar mayar da ita amaryar Bayajida, wanda ya kashe macijin, kawai, a cika fim da waƙar soyayya. Alhali labarin ya tanadar wa jaruma fage mai nauyi. Gari ya waye an kashe maciji, sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, masu ƙarya suka yi ta fitowa, ita kuwa ta ce kowa ya kawo kan macijin. Wannan zaman shari'a ne, kuma yana buƙatar 'yar wasa wadda za a bar ta ta yi magana da muryarta, fadawa su yi shiru su saurara.