Kakar Kentucky ta 2024 da Matsalar Ƙungiyar da Ake Sake Ginawa Duk Shekara

A ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka babu kocin da ya gina sunansa a kan ɗauko yara masu hazaƙa daga sakandare kamar John Calipari, wanda ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kentucky daga 2009 zuwa 2024. Tsarin nasa ya tsiro ne daga dokar da NBA, wato babbar gasar ƙwararru, ta fara aiki da ita a 2006, wadda ta hana ɗaukar ɗan wasa sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara guda da barin sakandare, abin da ya sa fitattun yara suke yada zango a jami'a na kaka ɗaya tak kafin su wuce inda ake biyan albashi. Da irin waɗannan yara ya ci kofin ƙasa a 2012, Anthony Davis na jan ragama.

Kakarsa ta ƙarshe a Kentucky ce ta fito da raunin tsarin fili. Ƙungiyar ta ci wasa 23 ta sha kashi a 10, tana zuba maki kusan 89 a kowane wasa, amma ranar 21 ga Maris 2024, a zagayen farko na gasar NCAA ta neman kofin ƙasa, wadda ake yin ta sili ɗaya ƙwale, Jami'ar Oakland ta jihar Michigan ta fitar da ita da ci 80 da 76, alhali Kentucky ce ta uku a jerin ƙarfi na rukuninsu, Oakland kuma ta 14. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Jack Gohlke, ɗan shekara 24 da ya taso daga ƙaramar kwalejin Hillsdale, wanda ya yi ta zagaye bayan abokan wasansa domin su tare masa mai gadinsa, yana cafe ƙwallo yana saki nan take ko da hannun mai tsaro na gaban fuskarsa, har ya jefa goma cikin ashirin daga bayan layin maki uku.

Mafi yawan masu suka sun ɗora laifin a kan yadda Calipari ya riƙa ajiye Reed Sheppard da Rob Dillingham a benci a farkon wasa, ganin cewa daga baya NBA ta zaɓi na farkon a matsayi na 3, na biyun kuma na 8. Wannan suka ba ta da nauyin da ake ba ta, domin su biyun suna samun mintoci masu yawa, kuma shi kansa Gohlke daga benci ya tashi a daren. Ciwon yana wajen tsaro, kuma ya daɗe da bayyana: a tsakiyar kakar Kentucky ta sha kashi sau uku a jere a gidanta na Rupp Arena, a hannun Florida da Tennessee da Gonzaga, Tennessee har ta zuba mata maki 103. Jifa baiwa ce da yaro kan zo da ita, amma tsaro aikin mutum biyar ne da suka saba da juna, kowa ya san lokacin da zai bar nasa mutumin ya rufe wa ɗan'uwansa giɓi, kuma wata biyar ba sa isa a koyi wannan. Kocin da ya ga haka a Fabrairu, ya kuma isa Maris bai samo maganinsa ba, ya cancanci zargi.

Ya kamata a yi wa Calipari adalci ta fuska guda, domin ba yara kaɗai ya tara ba: Antonio Reeves, wanda ya fi kowa maki a ƙungiyar, gogagge ne da ya zo daga Illinois State, kuma ƙungiyarsa da Jami'ar Saint Peter's ta kora daga gasar NCAA a 2022 cike take da manya irin su Oscar Tshiebwe ɗan Kwango. Ke nan shekaru kaɗai ba su ne magani ba. Daɗewa tare ita ce ta yi ƙaranci. Ƙungiyar jami'ar UConn ta koci Dan Hurley, wadda ta ci kofi a 2023 da 2024, ta riƙe ginshiƙai irin su Tristen Newton da Alex Karaban da Donovan Clingan a kaka biyun, sannan ta ɗora sababbi a kansu.

Abin damuwa shi ne dokokin 2021, waɗanda suka ba ɗalibi damar sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba, suka kuma halatta masa samun kuɗi da sunansa da hotonsa, sun yaɗa wannan sauyi na shekara-shekara zuwa kusan ko'ina. Haƙƙi ne da 'yan wasa suka daɗe da cancanta, amma ya tilasta wa kociyoyi su zama masu cefanen 'yan wasa fiye da masu reno. Da Calipari ya koma Arkansas a Afrilun 2024, Mark Pope da ya gaje shi ya gina ƙungiyar daga tushe, galibi da baƙi daga wasu jami'o'i, kuma duk da ya kai ta zagayen ƙungiyoyi 16 a 2025, da yawa daga cikinsu kakarsu ta ƙarshe ke nan, sai ya sake komawa kasuwa a bazarar da ta biyo baya.