Masu Farautar Waƙoƙin da Bob Dylan Bai Saki Ba

Shekara da shekaru wani faifan bayan fage yana yawo a hannun masoya Bob Dylan da suna guda: wasan Royal Albert Hall na Landan, 1966. Haka aka buga a bangonsa, haka ake sayarwa. Amma akwai waɗanda kunnensu ya ƙi amincewa. Suka yi ta saurarar hayaniyar 'yan kallo tsakanin waƙa da waƙa, suna jin harshen mutanen arewacin Ingila, ba na Landan ba. Suka gwada da abin da mahalarta suka tuna, da abin da jaridu suka rubuta a lokacin, har aka tabbatar cewa a zauren Free Trade Hall na Manchester aka yi wasan, ranar 17 ga Mayu, 1966. A daren ne wani ɗan kallo, don haushin Dylan ya ajiye jitar gargajiya ya ɗauki ta lantarki, ya ƙwala masa kira da sunan Yahuza, almajirin da Kiristoci ke cewa ya ci amanar ubangidansa. Dylan ya ƙaryata shi a fili, ya juya ya ce wa makaɗansa su saki kiɗa da ƙarfi. Da kamfanin Columbia ya fitar da wasan a 1998, bai iya jefar da tsohon sunan ba, sai ya sa shi cikin alamar zance.

Daga nesa za ka ɗauka tarin kaya kawai waɗannan mutane suke yi. Tarawa ita ce mafi sauƙi a lamarin. Gwanintar tana wajen sanin abin da ke hannunka: yaushe aka ɗauka, a ina, wa ya ɗauka, hannu nawa ya bi kafin ya iso gare ka.

Abin ya samo asali ne daga shirun da Dylan ya yi bayan hatsarin babur a Yulin 1966. Ya daina yawon wasa, ya koma yankin Woodstock a jihar New York, inda a 1967 shi da makaɗan da daga baya aka sani da The Band suka ɗauki waƙoƙi fiye da ɗari, mafi yawa a ɗakin ƙasa na wani gida da ake kira Big Pink. Ba don kasuwa aka yi su ba. An tura kaɗan ga wasu mawaƙa don su rera, daga nan suka fara ɓulla. A 1969 wasu samari biyu a Los Angeles suka haɗa wasu daga ciki da tsofaffin ɗauka na 1961, suka buga faifai biyu cikin farin bango marar rubutu. Shi ne Great White Wonder, wanda ake ɗauka a matsayin babban faifan bayan fage na farko a kiɗan rock.

Duk wanda ya taɓa kwafar kaset ɗin Shata daga kwafin wani kwafi ya san yadda murya ke dushewa, ƙarar shuu tana ƙaruwa, kalangu yana komawa kamar daga bayan katanga. Wannan ciwon ne ya sa masu tara Dylan suka mayar da salsala abu na farko. Ɗauka ta gari ba ta yawo ita kaɗai, tana tafe da takardarta: irin makirufon da aka yi amfani da shi, na'urar ɗauka, ko daga uwar kaset aka juyo ko daga 'yarta ko jikarta, da wace na'ura aka shigar da ita kwamfuta. Mutum zai iya mallakar wasa ɗaya har sau biyar, ya kuma ci gaba da cigiyar na shida, don an ce masa akwai wanda ya fi kusa da uwa da mataki ɗaya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne gyaran gudu. Kaset yana tafiya a kan santimita 4.76 a daƙiƙa, amma da wuya ka samu na'urori biyu da suka yi daidai. In batirin mai ɗauka ya fara sanyi a tsakiyar wasa, zaren zai rage gudu, ranar da aka sa shi a lafiyayyar na'ura kuwa sai waƙar ta yi sauri, muryar Dylan ta sirance kamar ta yaro. Bambancin kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga waƙa da rabin mataki. To yaya za a san ainihin gudun, alhali ba wanda ya auna a daren? Jita ba shaida ba ce, don ana iya ɗaure tsirkiyarta ko a sassauta. Sai su koma ga hamonika, 'yar abin busar da Dylan ke rataye a wuya, wadda da sautinta aka ƙera ta, ba mai murɗa ta a kan dandali. Su ja gudun a hankali har busar ta zauna inda ya kamata. In kuma an yi sa'a gurnanin wutar lantarki ya shiga ɗaukar, an samu ma'auni kyauta: wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50. Abin da kowa ke ɗauka aibi, shi gwani ke bi ya daidaita agogon tef. Wani lokaci ma sai an bi waƙa-waƙa, don batirin ba a lokaci guda ya mutu ba.

Akwai daɗaɗɗiyar gardama a tsakaninsu kan ɗaukar da aka jawo kai tsaye daga na'urar haɗa sauti da wadda ɗan kallo ya ɗauka daga kujerarsa. Ta farko tas take, amma sau da yawa a bushe, ba zaure ba jama'a. Ni dai na fi karkata ga ta biyun in an dace da gwani. Shi wannan ya san kujerar da sautin lasifiku ke haɗuwa, ya ɓoye ƙananan makirufo a hula ko kwalar riga, ya zauna awa biyu bai juya kai ba, bai tafa ba, bai yi tari ba, yana addu'a kada maƙwabcinsa ya zama mai surutu. Ya sayi tikiti kamar kowa, amma shi kaɗai ne bai more wasan ba. A zamanin kaset har sai ya ƙiyasta inda zai juya gefe don kada ya yanke waƙa a tsakiya.

Zuwan kwamfuta ya kawo nasa ha'incin. Wani zai ɗauki MP3, wanda ke zubar da wani ɓangare na sauti, ya mayar da shi FLAC, wanda ba ya zubar da komai, ya ce asali ne. Ba a musu da shi. Ana buɗe hoton sautin, in aka ga an sare saman kamar da reza wajen kilohaz 16, magana ta ƙare. Sannan akwai ƙa'idar da akasarinsu suka riƙe: musaya ake yi, ba ciniki ba, kuma abin da kamfani ya fitar a hukumance ba a raba shi kyauta.

Ba zan ce hannunsu a wanke yake ba. Dylan ya sha nuna ba ya son a riƙa yawo da abin da bai gama ba, kuma mai abu yana da ikon ɓoye abinsa. Sai dai shi ma yana da halin ajiye mafi kyawu a aljihu. Ya ɗauki faifan Blood on the Tracks a New York a Satumban 1974, dab da fitarwa ya sake waƙoƙi biyar a Minneapolis, na farkon suka rayu a hannun masoya. Ya ɗauki "Blind Willie McTell" a 1983 ya cire ta daga faifan Infidels, waƙar da da yawa ke sawa cikin manyan ayyukansa. Sai a 1991 ta fito, lokacin da Columbia ta fara jerin The Bootleg Series (jerin faifan bayan fage), wato kamfani ya bi sawun waɗanda yake kora. Waƙoƙin Big Pink kuwa, da aka fitar da wasunsu a 1975 an yi musu ƙarin kiɗa, masu tsofaffin kwafi ne suka iya nuna inda aka taɓa. Cikakkensu, ɗauka 138, sai a 2014.

Wasu ma ba faifai suke tarawa ba, lissafi suke yi. Marigayi Olof Björner, ɗan Suwidin, ya shafe shekaru yana rubuta kowane wasa: rana, gari, jerin waƙoƙi, makaɗa, da ko akwai ɗauka. Ba ƙaramin aiki ba ne ga mawaƙin da daga 1988 ya yi wasa sama da 3,000, yana kuma sauya wa tsofaffin waƙoƙinsa kari har wani sa'in sai an kai amshi jama'a ke gane su. A 'yan shekarun nan ana kulle wayoyin 'yan kallo cikin jaka tun daga ƙofa. Duk da haka wasannin suna ci gaba da ɓulla bayan 'yan kwanaki, kowanne da takardar salsalarsa.