Gwanintar Tayar da Dattijo Daga Kujera

In dattijo ya je wurin gogaggen likitan gashin ƙashi da ciwon gwiwa, ba hoton ƙashin da ya riƙo a ambulan ake fara dubawa ba. Likitan zai jawo kujera marar hannu ya jingina ta da bango, ya ce, "Baba, bismilla zauna. Rungume hannuwanka a ƙirji. In na ce tashi, ka miƙe sosai, ka koma ka zauna, ka yi ta yi har in ce ya isa." Daƙiƙa 30 ake bayarwa, ana ƙirgawa.

Ƙirgen kowa zai iya yi. Gwanintar tana cikin abin da idon likitan yake gani a wannan rabin minti. Yana lura da ƙafar da Baba yake jibga wa nauyi da wadda yake ɓoyewa. Yana duba ko gwiwa tana karkata ciki wajen tashi, ko sai ya yi lilo da jiki sau biyu kafin ya ɗago, ko yana riƙe numfashi. Ya fi sa ido a kan komawa zaune: wanda cinyarsa take da ƙarfi a hankali yake sauka, wanda tasa ta mutu kuwa sakin jiki yake yi ya faɗa kujerar. Kafin a buɗe ambulan, likitan ya riga ya san inda aikin yake.

Akwai dalilin da ya sa hoton ba ya zama alƙali. A amosanin gwiwa, guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa ne yake cinyewa, kuma shi guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Zogin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa, da tantanin da ya kewaye gaɓar, da jijiyoyin da suka ɗaure ta. Shi ya sa za ka ga tsohuwar da hotonta ya nuna ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi tana zuwa kasuwa da ƙafarta, wata kuma da hoto mai dama-dama ba ta iya kai kanta bayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan amosani a gaɓɓai daban-daban, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Bambancin da ke tsakanin mai tafiya da wanda ya zauna, sau da yawa a cinya yake da kuma a ma'aunin nauyi.

Batun nauyi ba ya buƙatar dogon bayani. Stephen Messier da abokan aikinsa a Jami'ar Wake Forest ta Amurka sun auna a 2005 cewa duk kilo 1 da mai ciwon gwiwa ya rage, nauyin da ke sauka kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Wanda ya sauke kilo 5 ya ɗauke wa gwiwarsa kusan kilo 20 a kowane taku, kuma taku dubbai ne a yini. Ban da haka, kitse ba kaya ne kawai da ake ɗauke da shi ba, yana sakin sinadaran da ke rura kumburi a gaɓɓai.

To sai a ce ai maganin a fili yake, a rage ci. A nan ne ake gane wanda ya iya aikin. Tsokar ɗan Adam tana fara raguwa tun daga shekara 30, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma bayan 60 abin yana ƙara sauri. Ciwon gwiwa yana ƙara mata wata asarar: in gaɓa ta kumbura, jiki da kansa yana rage saƙon da yake aika wa tsokar gaban cinya, sai ta daina aiki da dukan ƙarfinta ko da mai ita ya so. Mai ciwo ta rage tafiya, 'ya'ya da jikoki su ce, "Hajiya ki huta, me kike nema a kawo miki?" Cinya ta ƙara sirancewa, ƙiba ta hau. Idan aka ɗora wa irin wannan jiki yunwa kawai, ma'auni zai sauka, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tafi ba kitse ba ne, tsoka ce da sauran naman jiki. Tsohuwar ta rame, dangi na murna, ita kuma ta kasa tashi daga tabarma. Tsokar cinya ita ce gammon gwiwa. In ka rage kaya amma ka jefar da gammon, kan mai ɗauka bai huta ba.

Messier ya gwada wannan a babban bincike da aka buga a 2013. Mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa, 'yan shekara 55 zuwa sama, aka kasa uku na tsawon wata 18: masu rage abinci kaɗai, masu motsa jiki kaɗai, da masu haɗa biyun. Waɗanda suka haɗa sun sauke fiye da kilo 10, ciwonsu ya ragu da kusan rabi, kuma sun fi sauran rukunan biyu iya hidimar kansu. Masu rage abinci kaɗai su ma sun rame sosai, amma sauƙin da suka samu bai kai nan ba.

Wani zai ce tsoho ai ya wuce gina tsoka. Tun 1990 Maria Fiatarone ta amsa wannan a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Ta ɗauki mutum goma masu rauni, 'yan shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkuwa uku. Duk lokacin da na tuna wannan bincike nakan ji takaicin dattawanmu da aka zaunar tun suna da shekara 65, da sunan tausayi.

Sanin wannan duka ba shi ne gwaninta ba. Gwaninta ita ce awo: nawa za a ba wannan mutum, yau, da wannan gwiwa. Wanda ba ya iya tashi ko sau ɗaya, a kwance ake fara masa. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa, a ce ya danna shi ƙasa ya riƙe yana ƙirga biyar, likitan ya ɗora tafin hannu a cinyar yana jin ko tsokar ta farka. In ta amsa, a koma ɗaga ƙafa a miƙe. Daga nan zama a bakin gado ana miƙe gwiwa, sai a ɗaura 'yar jakar yashi a idon sawu, a riƙa ƙara yashin mako-mako. Sai tashi daga kujera mai tsayi, a sauko zuwa gajera. Sai hawa dakali. Ba a manta tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu, domin su ne ke hana gwiwa karkata ciki. Babu abu mai tsada a cikin wannan jeri, kuma shi ne yake burge ni: tawul, yashi, kujera, dakali, da idon da ya san lokacin ƙari da lokacin dakatawa.

Ciwo shi ne abin da ya fi wuyar sarrafawa, domin mai ciwon ya yi imani duk zafi alamar ɓarna ce. Likitan kirki ba ya cewa "daure kawai", ba ya kuma cewa "in ya yi zafi ki bari". Yakan ce, "Mama, in babu ciwo sifiri ne, in ya kai maƙura goma ne. In muna aiki bai wuce biyar ba, kuma zuwa gobe ya koma yadda yake, muna kan hanya. In ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko gwiwar ta kumbura, ki gaya mini mu rage." Da wannan ƙa'ida ake aiki a shirin GLA:D da Jami'ar Kudancin Denmark ta fara a 2013, inda ake koyarwa sannan a yi atisaye sau biyu a mako har zama 12, kuma ƙasashe da dama sun ɗauka. Likitan yakan kuma bayyana mata cewa guringuntsi ba shi da hanyar jini. Daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kuma sai an taka an saki ruwan yake shiga. Gwiwar da aka ajiye ba hutawa take yi ba.

Wajen abinci ma awon ne. A rage sukarin shayi da lemon kwalba da soye-soye, a rage malmalar tuwo, amma a ƙara abin da ke gina tsoka. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, a rarraba safe da rana da dare. Wake, alale, awara, ƙwai, kifi, nono, ƙuli-ƙuli, duk suna kusa. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai sai likitansa ya yanke masa adadi. Ƙodar ma ita ce dalilin da ake tambayar wane magani ake sha, domin dattawa da yawa sun shekara suna haɗiyar diklofenak daga kemis kullum, shi kuwa yana iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda.

Akwai ƙananan dabaru da ba sa ɗaukar minti biyu amma suna canza yini. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba ɓangaren gwiwa mai ciwo ba, kuma mutane da yawa akasin haka suke yi. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka mai ciwon. Masai na tsugunno a ɗora masa kujera mai rami, a kafa abin riƙewa a bango.

Likitan da ya san mutanensa kuma yakan tambayi abin da mai ciwon yake so ya dawo masa. A wurinmu amsar sau da yawa salla ce: a yi tsayuwa, a yi ruku'u, a kai goshi ƙasa. Ba ya alkawarin abin da gwiwar ba za ta bayar ba. Wani zai koma sujada, wani zai ci gaba da salla a kujera amma ya riƙa takawa masallaci da ƙafarsa. Wanda kuma aka yi wa duk wannan na watanni, ciwo yana hana shi barci, ƙafa ta gwame, sai a tura shi wurin likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, a duba batun canjin gwiwa. Ko a nan aikin gashin bai faɗi ƙasa ba, domin wanda ya shiga tiyata da cinya mai ƙarfi ya fi saurin komawa kan ƙafarsa, kuma atisayen da ya koya su ne za a ci gaba da su bayan an yi aikin.